Na Ce Bai Yi Ba, Kun Ce Masha Allah

Guangzhou, 6 ga Satumba

Zuwa ga Ilu ɗan Gwaggo Hajjo, taubashin da Allah ya jarrabe ni da shi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Radiyya da abin da take ɗauke da shi. Yaya ƙafar Gwaggo? Ni lafiyata ƙalau, sai dai zafin garin nan mai ɗanko, kana fitowa daga wanka kana neman wani wankan.

Na daina kiran Baba a waya. Ran nan na yi ta ɗaga murya har 'yar Sin ɗin da ke ɗakin kusa da nawa ta buga mini ƙofa, shi kuwa ba abin da yake cewa sai "Na'am, Uwata, na'am." Kunnen ya ƙara nauyi, ka daina ɓoye mini. Don haka na koma takarda. Alhaji Maidaji, wani dattijo mutumin Maraɗi da ke loda wa 'yan kasuwa kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ya ce duk mai tafiya Kano zai riƙa ba shi wasiƙata ya ajiye maka a shagonka na sayar da waya. Kai kuma ka zauna ta hannun daman Baba ka karanta masa, ba ƙari, don na san bakinka.

Kullum kana tambayata ko gyaran rediyo na zo koyo. To buɗe kunnenka. Duk saƙon da zai bi ta intanet, na banki ne ko na asibiti, ana yi masa wani lissafi a fitar da ɗan gajeren jerin lambobi. Turawa suna ce masa hash, ni hatimi nake kiransa. In wani ya taɓa ko ɗigo ɗaya a hanya, hatimin da za a fitar a can ba zai yi daidai da na nan ba, sai a gane an yi wa saƙon ta'adi. Matsalar ita ce, a manyan hanyoyin sadarwa saƙonni suna zuwa kamar ruwan sama, kwamfuta ba ta iya buga musu hatimi da saurin da suke zuwa. Aikina shi ne in gina lissafin nan a jikin ƙarfe, a kan wani ɗan allon lantarki da bai fi tafin hannunka ba, ya zama ba shi da wata sana'a sai wannan.

Allon yana yanka saƙo gunduwa-gunduwa, ya tauna ta farko, ya miƙa sakamakonta ga ta biyu, har zuwa ƙarshe. Na tsara shi kamar masu miƙa bulo a wurin gini, kowa hannunsa da aiki, ba mai tsayawa jiran wani.

Ilu, ya gudu. Ya ninka saurin duk wani allo da aka taɓa yi a ɗakin gwajinmu. Malamina, Lawshi Liang, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya duba sakamakon ya ce a kawo mini shayi. Wani kamfani mai ƙera na'urorin tsaron sadarwa a unguwar Tianhe ya ce in zo wata mai zuwa in gwada allon a gabansu.

Ka gaya wa Baba shi kaɗai. Kada ka yayata, ka san mutane.

'Yar kawunka,
Mas'uda

Kano, 19 ga Satumba

Zuwa ga Injiniya Mas'uda, sarauniyar masu kuka kafin duka.

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta fara takawa kasuwa tana yi wa masu tumatir faɗa. Radiyya ta yi nauyi, komai ta ci sai ta ce ni ne ban iya saye ba.

Na karanta wa Kawu takardarki, ban ƙara ko harafi ba, Allah shaida. Da na zo wurin shayin nan sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallonta, sannan na ga hawaye. Ni dai na yi kamar ina gyara tabarma.

Akwai abin da muka ɓoye miki, yau zan faɗa. Tun da kika tafi Kawu ya daina zama a majalisar ƙofar gidan Alhaji Illa. Ranar da aka raka ki filin jirgi, Alhaji Illa ya ce a gaban jama'a, "Malam ya rasa inda zai kai 'ya mace sai Sin, ta koyo liƙin waya." Aka yi dariya. Daga ranar, in Kawu ya fito masallaci sai ya bi ta bayan layi ya shige gida. Mutumin da ya shekara talatin yana zama a wurin nan, ya koma hira da rediyon da ba ya ji.

To, washegarin da na karanta masa wasiƙarki ya sa babbar rigarsa ruwan toka, ya tafi majalisa ya zauna a tsohon wurinsa. Ba ni na yayata ba, kada ki zage ni. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma kin san mai nauyin kunne ba ya iya raɗa. Kafin la'asar rabin Gwammaja sun ji cewa 'yar Malam ta ƙera abin da zai tsare bankunan duniya. Wani ma ya zo shagona yana tambaya ko yana haƙo kuɗin intanet, a sa masa guda biyu.

Ga babban labari. Kawu ya kira ni ya ce in Radiyya ta haifi mace, yana neman alfarmar a sa mata sunanki. Na ce, Kawu, ai sai ta tashi da baƙar magana. Ya ce ya ji ya gani. Ya kuma ce ranar suna, in an gama addu'a, zai tashi ya yi wa jama'a bayanin dalili, kuma lallai a kai wa Alhaji Illa goronsa har gida don kada ya ce bai ji ba.

Ki ci gaba da ba allonki abinci. Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa addu'ar fita daga gida.

Naki, wanda ya fi ki kyau da hankali, kuma ke ma kin sani,
Ilu

Guangzhou, 2 ga Oktoba

Ilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Baba da Gwaggo da Radiyya. Jikina lafiya, amma rabona da abinci ya shiga cikina da daɗi tun ranar da wasiƙarka ta zo. Ka karanta wannan da natsuwa, ba wasa a cikinta.

Allon bai yi ba. Akwai kuskure a cikinsa, kuma kuskuren nawa ne.

Ga yadda na gano. Na so in nuna maka yadda hatimi yake aiki, in kuma rama. Sai na buga wasiƙarka gaba ɗaya a kwamfuta na ba allon, ya fitar da hatimi. Sannan na goge layinka na ƙarshe, inda ka ce ka fi ni kyau da hankali, na rubuta "bawanki Ilu mai kunnen jemage," na sake ba shi. Niyyata in aiko maka da hatiman biyu ka ga yadda suka sha bamban. Hatimi ɗaya ya fito. Na ɗauka idona ne, na sake. Na goge rabin wasiƙar na ƙarshe na zuba shirme, hatimin bai motsa ba.

Na bi sawu har na kama. Garin neman sauri na rage girman wurin da allon yake ƙirga gunduwoyin saƙo. In saƙo gajere ne ba matsala. In ya yi tsawo, ƙirgen sai ya cika, allon ya ɗauka an gama, ya buga hatimi ya watsar da sauran. Lokacin gwaji kuwa, da gajerun saƙonni na tabbatar lissafin daidai ne, da dogaye na auna sauri, ban taɓa haɗa biyun ba. Ashe ba gudu yake yi ba, tsallake yake yi. Garin gyaran gira na rasa ido.

Ka gane abin da hakan yake nufi? Da an sa allon nan a hanyar banki, ɓarawo zai iya canza lambar asusu a ƙarshen saƙo, allona ya buga masa hatimi ya ce lafiya lau. Mai gadi na ƙera wanda ke duba kan mutum ya bar hannuwansa.

Ba wanda ya sani tukuna. Zan gaya wa Lawshi Liang in ya dawo daga hutun da ake yi a nan. Duk sanda na tuna shayin nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma kunyar malamina ba ta kai ko rabin ta Baba ba. Ban san ya daina zuwa majalisa saboda ni ba, Ilu. Ban san a kan maganata ya koma ba.

Don Allah ka zauna ka gaya masa kafin ranar suna. Kada ka bari ya tashi a gaban mutane. In kuna son sa wa yarinyar sunana saboda zumunci, na gode, amma ba don allon nan ba.

Mas'uda

Kano, 15 ga Oktoba

Zuwa ga Mas'uda 'yar Kawu, wadda ba ta canza hali.

Wa alaikumus salam. Lafiya ƙalau muke. Radiyya yau ko gobe, an haɗa jaka an ajiye a bakin ƙofa.

Wasiƙarki ta zo, kuma wallahi na yi dariya har maƙwabcina na shago ya leƙo. Kunnen jemage ko? Za ki dawo ki same ni. Kiran da kika yi mini kina shessheƙa ma na ji, na ce kai, yarinyar nan har ta ƙware.

Mas'uda, wa za ki yi wa wannan? Ni da muka tashi gida ɗaya? Ranar da kika dawo daga jarrabawar gama sakandare kika kwanta a ɗakin Inna kina cewa kin faɗi, lissafi ya kashe ki, har Inna ta dafa miki taliya don lallashi. Sakamako ya fito, ke ce ta ɗaya a makarantar. Da kika yi jarrabawar neman tafiya Sin kika ce ko sunanki ba ki rubuta daidai ba. Tunda nake da ke ban taɓa jin kin ce abu ya yi kyau ba sai a wasiƙar nan ta farko, kuma na san tun a lokacin za ki tsorata ki janye.

Na karanta wa Kawu a gaban Inna. Inna ta ce, "Yawwa, 'yar albarka. Ta ji labari ya bazu ne, take rufe ƙofa saboda bakin mutane. Haka uwarta take, Allah ya jiƙanta, ko ciki gare ta sai ta ce ƙosai ta ci da yawa." Kawu ya yi murmushi ya ce, "Haka ake so. Mai abu ba ya faɗa." Ya ce har bayanin kuskuren da kika tsara ya burge shi, wai ko ƙaryar kawaici za ki yi sai kin yi mata ginshiƙi.

Don hankalinki ya kwanta, Inna ta sa an soya waina an raba wa yara sadaka ranar Juma'a saboda kambun baka. Ba abin da zai same ki.

Na kuma yi miki wani gata. Na yi magana da Alhaji Maidaji a waya, na ce kada a bar 'yar'uwarmu ita kaɗai a gaban Sinawa ranar gwaji. Ya ce zai sanar a Masallacin Huaisheng bayan sallar Juma'a, mutanenmu su raka ki, a ɗauko mana hoto mu nuna ranar suna. Ba sai kin gode ba.

Naki,
Ilu

Guangzhou, 27 ga Oktoba

Ilu,

Assalamu alaikum. Na ji Radiyya ta sauka lafiya, an samu mace. Allah ya raya, ya ba uwar lafiya. Barka da arziki. Iyakar gaisuwar da zan iya ke nan yau, ka yi haƙuri.

Na haɗa ka da girman Allah ka karanta wannan kafin a raɗa suna. Ka taɓa jin na rantse? To wallahi tallahi allon bai yi ba.

Na gaya wa Lawshi Liang. Na shiga ofishinsa da wasiƙarka da ta jabun da na yi mata, na ajiye masa hatiman biyu a kan tebur. Bai san Hausa ba, amma lamba ba ta buƙatar tafinta. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Wa kuma ya sani?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To gobe kowa zai sani, kuma daga bakinki." Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari na tsaya a gaban duk 'yan ɗakin gwaji na nuna inda na yi kuskuren, layi-layi, har da waɗanda na riƙa yi wa kallon masu nawa. Ni na rubuta wa kamfanin cewa a soke gwajin, na sa hannu da sunana.

Na ɗauka na gama shan kunya, ashe gatanka yana tafe. Na aika wa Alhaji Maidaji cewa an fasa, shi ma ya ce ya gane. Ranar da aka sa tun farko sai ga kira, wai suna Tianhe a ƙofar kamfanin, ina nake? Na shiga jirgin ƙasa na tafi. Na tarar da su a bakin bene, dattawa da manyan riguna, mutanen Kano da na Maraɗi, sun rufe harkokinsu a tsakiyar lokacin baje koli. Wani ya riƙo kilishi, wani ya riƙo katan ɗin lemo. Mai gadin wurin yana ta ce musu "Meyo, meyo," wato babu, Alhaji Maidaji yana kiransa "Lawban," wato maigida, yana cewa, "Akwai, ɗiyarmu ce."

Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Baba Alhaji, aikin ya lalace, ni na yi kuskure."

Ya juya ya dubi sauran ya ce, "Kun ji ba? Masha Allah. Ɗiyata, mu ma 'yan kasuwa ne, in kwantena ta iso lahiya cewa mukai kaya sun jiƙe. Shiga gaba mu bi ki."

Ilu, a nan na fashe da kuka, na gaske, a gaban Sinawa masu wucewa. Na fito da takardun nan biyu na nuna musu, na ce ga wasiƙa biyu daban, ga hatimi ɗaya, wannan shi ne abin da aka ce kada ya taɓa faruwa. Alhaji Maidaji ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Ashe da gaske kike." Suka bar mini kilishin, suka raka ni har tasha, wannan rakiyar ta fi komai ciwo.

Na yi fushi da kai, amma na fi jin haushin kaina. Duk shekarun nan ina cewa na faɗi alhali na san na ci, ana ce mini mai kawaici, ina jin daɗi. Yau da nake buƙatar a yarda da ni, na tarar na cinye maganata tun tuni.

Wani bawan Allah zai taso gobe, zai kawo maka wannan hannu da hannu kafin suna. Na kuma tura maka hotonta a waya. Ka hana Baba tashi.

Mas'uda

Kano, 9 ga Nuwamba

Mas'uda,

Wa alaikumus salam. Mai jego da jaririya suna lafiya. Inna lafiya. Kawu ma lafiya, sai abin da za ki ji. Yau ba ni da sunan tsokana da zan kira ki da shi.

Wasiƙarki ta iso ana gobe suna. Mutumin ya kawo mini har gida, ya same ni ina fama da rago da masu kafa rumfa. Na karɓa na sa a aljihun riga, na ce ai na san abin da ke ciki. Hoton da kika turo ma na gani ban buɗe ba. Ba zan ce miki hidima ce ta hana ni ba, don na samu lokacin yin gardamar kuɗin kujeru.

Da safe aka taru. Liman ya raɗa suna, Mas'uda, aka shafa. Kawu ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya yi magana da ƙarfi irin tasa, har na ƙarshen layi suna ji. Ya ce ya nemi sunan nan ne saboda 'yarsa da aka ce ta tafi liƙin waya ta yi abin da Sinawa suka kasa. Bai kama sunan kowa ba, amma kowa ya waiga ya dubi Alhaji Illa. Ana ta kabbara, takardarki tana aljihuna.

Sai da aka watse na buɗe. Da na ga rantsuwar nan na san ba kawaici ba ne. Na kira Alhaji Maidaji, ya ce, "Yaro, kun sa ɗiyar mutane kuka a titi." Na yi kwanaki ina zagaye gidan Kawu kamar wanda ya ci bashi. Ran da na shiga, na zauna ta hannun damansa na karanta masa tun daga sallama har sa hannu, na kuma gaya masa tun yaushe take aljihuna.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ta rantse?" Na ce ta rantse. Ya ce, "Magana zarar bunu ce. Amma inda na zare ta, can zan je. Ɗauko mini rigata."

Na raka shi majalisa. Ya ƙi zama. Ya ce, "Jama'a, abin da na faɗa ranar suna ba haka yake ba. Aikin yarinyar nan bai yi ba, an samu kuskure, an soke gwajin. Ni na yi gaggawa." Ya juya wajen Alhaji Illa ya ce ya yafe masa gugar zanar da ya yi masa.

Kin san abin da ya faru? Alhaji Illa ya kama hannunsa biyu-biyu ya ce, "Haba Malam, mun gane. Ka faɗa a taro, yanzu kana tsoron baki. Wallahi ba mai yi mata hassada a nan. Masha Allah, gidanku dai akwai kawaici." Duk majalisa ta ɗauka, masha Allah, masha Allah. Kawu ya ce da gaske yake. Suka ce ai sun sani. Ya sake faɗa, wani ya matsa masa ya zauna, aka miƙo masa goro.

Muka kamo hanyar gida har muka kai zaure. Ya tsaya yana neman numfashi, ya ce, "Ashe haka yarinyar nan ta ji."

Ya ce in rubuta miki wannan da bakinsa, ga shi yadda ya faɗa:

"Uwata, na ji, kuma na yarda. A gidan nan kika koyi ɓoye alheri, ba daga Sin kika koyo ba. Yanzu unguwa tana girmama ni a kan abin da babu, na je in mayar sun ƙi karɓa, kuma ba zan iya zama a cikinsu a haka ba. Ki koma kan aikinki. Ba na son mai gudu, wanda yake duba saƙo har ƙarshe nake so. In ya yi, ki ce ya yi. In bai yi ba, ki ce bai yi ba. Abin da kika faɗa shi zan ɗauka in kai musu, ko sau nawa ne."

Ya sake daina zuwa majalisa, Mas'uda. Wannan karon ba don an yi masa dariya ba.

Ki yafe mini.

Ilu

Guangzhou, 28 ga Nuwamba

Ilu mai kunnen jemage,

Assalamu alaikum. Ina gaida Gwaggo, ina gaida Radiyya, ka sumbatar mini takwarata. Na yafe maka, amma ka sani har ka tsufa ina da abin gori. Ni lafiya lau, garin ya yi sanyi, na koma cin abinci. Kilishin Alhaji Maidaji ma na cinye shi, kunya ba ta hana shi daɗi ba.

Yanzu matsa kusa da kunnen Baba na dama.

Baba, na gyara wurin ƙirgen. Na gwada allon da gajerun saƙonni da dogaye, na ba wani ɗalibi da ba ya raga mini ya yi kwana da kwanaki yana neman ya kama ni, bai samu komai ba. Saurin nan na da ya tafi. Abin da ya rage shi ne ya fi tsohon allon ɗakinmu da kamar kashi ɗaya cikin biyar. Ba zai tsare bankunan duniya ba. Kamfanin bai sake kira ba, Lawshi Liang bai sa an kawo shayi ba, ya dai ce in rubuta sakamakon, in fara da bayanin kuskuren don kada wani ya faɗa ramin.

Gwajin ƙarshe da maganarka na yi shi, Baba. Na buga wasiƙar Ilu duka, har da saƙonka, allon ya ba ni hatimi. Na je can ƙarshe na cire ɗigo ɗaya tak. Hatimin ya canza gaba ɗaya, ba lamba ɗaya da ta zauna a wurinta. Na sa takardun biyu a cikin ambulan ɗin nan, har da biyun da lalataccen allon ya fitar a farko. Ka kai majalisa tare da biyun farko, masu hatimi ɗaya, Ilu ya nuna musu bambancin. Su ne suka sa Alhaji Maidaji ya yarda.

Ban saba rubuta layi irin wannan ba, kuma ina jin muryar Gwaggo tana cewa in yi shiru. In baki zai kama ni, ya kama.

Baba, aikin ya yi. Ƙarami ne, amma ya yi, kuma ni na yi shi. Ka sa rigarka ruwan toka.

'Yarka,
Mas'uda